Ruwan Manta

Ni mutum ne mai mantuwa, matata shaida ce. Sai a aike ni sayen gishiri in dawo da labari. Amma shekarar da na ajiye sigari na koma shan na lantarki, ita kam ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a ɗauke ni a makara. Abin dariyar ma, duk labarin a kan kalmar mantuwa ya tsaya.

Fawa na gada, ita nake yi a garin Garwa tun ina saurayi, gidanmu kuma a unguwar Jambutu yake. A kwata na san wani dillalin shanu, Bafulatani, dogo siriri, ya girme ni da kusan shekara goma. Ba ardo ba ne, amma Ardo nake ce masa. Shi kuma Sarkin Fawa yake ce mini, alhali ko kusa da buzun sarkin ban taɓa zama ba. Hausarsa ta kasuwa ce, ni kuma Fulatancina na ciniki ne, da su muka yi ta lallaɓawa shekara goma sha bakwai ba mu taɓa rasa abin faɗa ba.

Muna da wata al'ada. Idan an gama fiɗa, hantsi ya ɗaga, kafin in bi nama zuwa kasuwa, sai mu zagaya bayan katangar kwata. Akwai wata dalbejiya a wurin, da wani tsoho mai shayi, da benci mai ƙafa ɗaya gajeriya. Zan ciro kara ɗaya in kunna, in sha zuwa rabi, in miƙa masa ya ƙarasa. Ardo bai taɓa sayen sigari ba, bai taɓa sa ashana a aljihunsa ba, a gidansa ma ba wanda ya san yana sha. Cewa yake shi ba mashayin taba ba ne, taya ni kawai yake yi kada ta yi mini yawa. A tsawon wannan karan ne na ji labarin rasuwar 'yarsa ta fari, a nan shi ma ya fara jin zan ƙara gini a gidanmu tun kafin 'yan'uwana su ji. Lokacin ban ɗauki zaman a bakin komai ba, ina ganin shan taba ne kawai.

Tari ne ya fara raba mu da bencin. Wata safiya na saɓa cinyar sa a kafaɗa zan kai kan mashin, sai tari ya sarƙe ni, na zube, naman ya faɗi cikin ƙasa a gaban abokan sana'a. Ba ciwon ne ya fi damuna ba, kunyar ce. Likita ya saurari ƙirjina ya ce in ina son in ga auren 'ya'yana, in rabu da taba. Sau uku ina bari da ƙarfin tsiya, sau uku ina komawa. A kwanakin da nake bari kuwa, ko kaza ta gifta ta gabana sai ta ji faɗa, yara su riƙa laɓewa in sun ji sallamata. Daga baya wani direba da ke sayen nama a wurina ya nuna mini sigarin lantarki, ya kwatanta mini shagon da ya saya a babbar kasuwa.

Na ja Ardo muka je bayan la'asar. Mai shagon mutumin kudu ne, mai furfura da tabarau, wayoyi yake sayarwa, waɗannan kayan kuma suna cikin wani akwatin gilashi a gefe. Faransanci yake yi da ɗan Fulatanci a karye, ni kuma Faransancina a aji huɗu ya tsaya. Idona ya faɗa kan wata babba, kamar rediyon hannu, mai maɓallai da ɗan allo. Ya zuƙa ya nuna mini, shagon ya turnuƙe kamar ana babbakar kai da ƙafa. Nan take na ce ita nake so. Ai mahauci ba ya son ƙaramar wuƙa.

Mutumin ya girgiza kai. Ya ce wannan ta masu son a kalle su ce, ba ta mai son barin taba ba. Ya ciro wata 'yar siririya kamar biro, ya ce zuƙarta a matse take kamar ta sigari, bakina ba zai ji baƙunta ba, kuma ba ta da wani saiti da zai ruɗa ni. Sai ya tambaye ni kara nawa nake sha a rana, don ya san ƙarfin ruwan da zai ba ni in riƙa zuba mata. Na ce ashirin. Ardo, wanda na ɗauka ba ya bin zancen, ya taɓa ni da sandarsa.

"Sarkin Fawa, ji tsoron Allah. Cire rabi ɗaya, nawa ne."

Mai shagon ya yi mini bayani dalla-dalla. In ruwan ya yi rauni, kafin sati zan koma wa sigari. In ya yi ƙarfi, jiri da shaƙuwa za su dame ni. Ya zaɓa mini na tsakiya, ya ce in riƙa ragewa a hankali har in rabu da shi gaba ɗaya. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai auduga a ciki, ya ce in na zuba ruwa in jira audugar ta jiƙa kafin in zuƙa, in na fara jin ƙauri kuma in canza shi. Kada in bar ta a rana, kada in ajiye kwalbar inda yara za su kai hannu. Ya kuma ce kada in ɗauka magani ce, ita ma ba lafiya ba ce. Ni dai yadda na fassara maganar a raina shi ne, gada ce wannan, ba gida ba.

Saura ƙamshi. Ya jera kwalabe, ga na mangwaro, ga mai ɗanɗanon taba, ga wasu da ban san sunansu ba. Na shinshina duka ban ji komai ba, hancina ya daɗe da mutuwa. Sai ya ɗaga wata koriyar kwalba ya ce, "Menthe." Na'a-na'a ke nan da Faransanci, amma a bakinsa sai ta fito kamar "mant".

"Me ya ce?" in ji Ardo.

"Ya ce mant."

"Manta? To ai shi ke nan, shi za ka saya. Ka sha ruwan manta, ka manta da taba."

Muka yi ta dariya, har mai shagon ya taya mu ba tare da ya san dalili ba. Ban gyara wa Ardo ba, sunan ya yi mini daɗi. Da za mu fita, mutumin ya ƙara mini shawara ɗaya. Ya ce a makonnin farko in guji wurin da na saba sha da lokacin da na saba sha, don a nan sha'awar take jiran mutum. Shawara ce mai kyau, ni ne na bi ta har na wuce gona da iri.

Washegari muka zauna a benci kamar kullum. Na ciro 'yar birona na zuƙa, na miƙa masa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya zuƙa sau ɗaya, ya yi tari har hularsa ta karkace, ya mayar mini.

"Kay, wannan ai ƙanƙara ce aka sa wa wuta," ya ce. Ya kalle ta a hannuna, sannan ya ce, "Kara yana da rabi, Sarkin Fawa. Wannan ina rabinta?"

Na yi dariya. A daidai lokacin wani mai sayen fata da ke gefenmu ya kunna sigari, hayaƙin ya biyo iska ya shiga hancina. Saura kaɗan in roƙe shi kara ɗaya, ni da girmana. Na miƙe na ce nama yana jirana. Daga ranar, da an gama fiɗa sai in hau mashin in wuce kasuwa, ban ƙara zagayawa bayan katanga ba.

Na sha wahala da abar kafin mu saba. Gaggawa ta sa na ƙona auduga tun a kwana na biyu, bakina ya wuni yana ɗacin tsumma. Wata rana na manta ta a kan tebur cikin ranar Garwa, ruwan ya tsinke ya tsiyaye mini a aljihu, mata masu cefane suka riƙa tambaya ko yanzu shayi nake sayarwa. An taɓa ɗauke wuta kwana biyu, sai da na bi layin masu cajin waya da 'yar birona a hannu kamar ɗan makaranta. Amma ban koma ba. Tarin ya ragu, hancina ya dawo. Na ji ƙamshin miyar matata kamar baƙo, na kuma gane ashe kwata haka take wari duk shekarun nan. Na riƙa jin kaina, duk wanda ya tsaya a teburina sai ya sha wa'azi. Ardo kuwa daga nesa muke ɗaga wa juna hannu cikin hayaniyar shanu, kullum ina cewa a raina gobe zan tsaya.

Bayan kamar wata uku muka yi kiciɓis a kasuwar shanu, ba hanyar kaucewa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya gaishe ni da Fulatanci.

"Jam na, Sarkin Fawa? Lallai ruwan manta ya ci. Mutumin nan bai cuce ka ba."

"Haba Ardo, aiki ne ya yi yawa."

"Aikin da ne dai, ban ga an ƙara wa sa ƙafa ba." Yana murmushi ya faɗa, amma murmushin bai kai idonsa ba. "Jibi zan tafi Mayo-Ulo in ga garke kafin ruwa ya sauka. Ka zo gobe. Ba sai da taba ba, shayi ma ya isa."

Na ce in Allah ya yarda. Kuma wallahi na je. Na kai har kusurwar katanga, na hango sandarsa jingine da dalbejiya, na ga gefen rigarsa. Sai iska ta kawo mini hayaƙin sigari, da sabon hancina, ƙamshin ya daki ƙirjina kamar ranar farko. Tsoro ya kama ni, na ga wahalar wata uku za ta tashi a banza. Na tsaya, na juya, na koma wurin mashin. Na ce in ya dawo daga tafiya na ƙara ƙarfi, sai mu zauna har azahar. Taku goma ne tsakanina da shi, har yau nakan ƙirga su.

Bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a can, kwana uku ya yi ya rasu. Wani direban motar shanu ne ya kawo labarin kwata, ina tsaye da wuƙa a hannu. Na je Mayo-Ulo na yi ta'aziyya, 'ya'yansa suka karɓe ni da mutunci, amma a wurinsu ni wani mahauci ne daga Garwa da ke sayen shanu a hannun babansu. Ba abin da zan iya gaya musu, abin da ya haɗa mu sirrinsa ne.

Da na dawo bakin aiki, ƙafata ta kai ni bayan katanga da kanta. Tsohon mai shayi ya dube ni, ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa ya ciro wani gwangwanin madara ya ajiye a gabana. Na buɗe. Guntayen sigari ne a ciki, kowanne rabi, an yanke shi daidai, ba a kunna ko ɗaya ba.

"Ajiyarka ce," ya ce. "Tun da ka daina zuwa, kullum sai ya zo. Ranar farko sai da ya duba gabas da yamma kafin ya ce in sayar masa da kara ɗaya, kamar mai sayen abin kunya. Ya ari wuƙar burodina ya raba biyu. Ya sha rabi, ya ba ni rabi. Ya ce in ajiye, na Sarkin Fawa ne, in ruwan manta ya sake shi zai zo ya karɓa."

Ban ƙirga su ba, har yau ban ƙirga ba. Na zauna a bencin nan mai gajeriyar ƙafa, da rigar aiki duk jini, na yi kuka a gaban mutane. Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri, mai shayin dai ya zuba mini shayi ya tura gabana.

Shekaru sun wuce. Na bi shawarar mai shago, na yi ta rage ƙarfin ruwan har na ajiye 'yar biron ita ma, yanzu ba na shan komai. Na ga auren 'yata ta fari da ƙirjina lafiya, na gode wa Allah, kuma ba na nadamar barin taba ko kaɗan. Gwangwanin yana cikin akwatin kayana. Wani lokaci nakan buɗe in shinshina, ba don ina sha'awar sha ba, sai don shi kaɗai ne abin da ya rage mai ƙamshin wancan zaman. In aka sa na'a-na'a a shayi kuwa, sai in ji muryarsa yana tambayar me mutumin ya ce. Ina kewarsa, kewar da ban san ana yi wa wanda ba jininka ba.

Abokan sana'a masu son bari sukan zo su tambaye ni wacce za su saya. Nakan gaya musu abin da aka gaya mini: ƙarama mai matsattsiyar zuƙa, ruwa daidai da yawan shansu, su jira auduga ta jiƙa, su sani gada ce ba gida ba. Sannan in ƙara da abin da mai shago bai sani ba, ni kuma na sani a makare. In za ka jefar da mugun hali, ka fara leƙa cikinsa ka ga ko akwai mutum a zaune, ka fito da shi tukuna. Ni taba na je in manta, ban duba wanda yake riƙe da ɗaya rabin ba.