Wurin da Hannun Baba Ba Ya Kaiwa

Idan ka taɓa buɗe ƙofar motar da ta wuni a rana cikin bazara, ka san warin da nake nufi. Warin roba ne da ta dahu, haɗe da na tsohuwar kujera. Mutane kan kau da kai idan ya buge su. Ni tsayawa nake in shaƙa, domin a cikinsa na girma.

Baba direba ne. Motarsa fara ce, tsohuwa, mai dogon baya. Yana ɗaukar mutane da buhunan gero daga garinmu Gatawa zuwa kasuwar Sabon Birni, wata rana Isa, wata rana har Burkusuma. Tun da na yi wayo na same ta a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Jikinta duk lotsewa ne, amma gabanta na ciki, wannan baƙin faifan roba da ke ƙasan gilashi wanda direbobi ke kira dashbod, Baba ba ya wasa da shi. A kai yake aje hularsa da carbinsa.

Duk bazara robar nan sai ta fara danƙo. Ka aza hula ta maƙe, ƙuda ya sauka ya kasa tashi. Sai Baba ya taɓa ta da yatsa ya ce ta fara gumi. Ranar da ba kasuwa, zai sa in ɗebo karan gero daga bayan rumbu. A ƙona, Inna ta zuba tokar a tukunya mai huji, ta tace ruwan toka irin wanda take sa wa miya. Kowace shekara sai ta yi mita.

"Malam, ruwan tokar miyata za ka ba mota? Ita ma tuwo taka ci?"

"Ita ka kawo tuwon," in ji Baba.

Zai zauna a kujerarsa ta direba, ya tsoma tsumma cikin ruwan tokar, ya yi ta murzawa a hankali har danƙon ya biyo tsumman, baƙi ƙirin. Ya wanke da sabulun salo, ya bari ta sha iska. Daga nan sai aikina ya zo: ni ce mai riƙe ƙwaryar dusa. Yana ɗiba yana shafawa da tafin hannu, dusar tana tsotse ragowar danƙon, har robar ta yi sumul, ta daina kama yatsa.

Amma akwai wurin da ba ya taɓawa. Kafaɗarsa ta taɓa gocewa wajen sauke buhu, tun daga lokacin hannunsa ba ya miƙewa sosai. Daga inda yake zaune ba ya kaiwa can kusurwar da ke kusa da ɗaya ƙofar. Ko yarinya ta san zai iya fita ya zagayo. Na taɓa faɗa masa haka.

"Bar shi," ya ce. "Wurin nan na uwarki ne."

Sai ya aike ni in kira ta. Ta fito tana goge hannu, tana cewa ba a barin mutum ya gama aikinsa, ta shiga kujerar gaba ta goge kusurwar da kanta. In ta gama sai ta ce in ɗauko furar da ta dama. Su sha a nan cikin mota, ƙofofi a buɗe, ni ina kujerar baya ina lasar ludayi. Ka san a wurinmu mace ba ta zama gefen mijinta a idon mutane. Duk yarintata, a nan kaɗai nake ganin iyayena zaune kafaɗa da kafaɗa.

Ba za ni yi dogon bayani kan yadda muka rasa shi ba. 'Yan bindiga ne suka tare shi da fasinjojinsa a hanya, kamar yadda suka tare wasu da yawa. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi masa sutura a can, don ba halin kawo shi. Inna ba ta ga gawarsa ba. Abin da ta gani mota ce, da Kawu, yayanta, ya samu aka jawo masa. Bayan haka zaman Gatawa ya gagare ta, Kawu ya kawo ta gidansa a Sabon Birni, inda ni ma nake aure. Motar aka tura ta cikin filin gidan. Ba itace a wurin, ba inuwa.

Idon Inna ya riga ya fara rauni, hankalinta kuma ya ƙi karɓar abin da aka faɗa mata. Ba ta kuka, ba ta surutu. Abinci ne kawai ba ta ci a ɗaki. Kullum da hantsi za ni kawo fura, in kama hannunta in kai ta kujerar gaba. Ta aza tafinta a kan dashbod, ta ɗan jima, sannan ta sha. Da wannan furar take rayuwa. Mutanen gidan sun saba, har yara sun daina kallo.

Damina ta wuce a kan motar, sanyi ya wuce, bazara ta zo ta same ta a fili. Ni ban lura ba, hankalina yana kan ƙwarya. Ran nan Inna ta aza hannu, da ta zo ɗagawa sai robar ta riƙe ta. Ta ja, bakin gyalenta ma ya maƙe. Ta shinshina yatsunta.

"Wagga ba motatai ba ce," ta ce. "Shi ba ya barin ta haka."

Ta fita da kanta, tana lalube, ta koma ɗaki. Ba ta sha furar ba. Washegari ma ba ta sha ba.

Na roƙe ta. Na yi kunu, na yi fate, na dama fura da nonon da na samo da ƙyar. Ruwa kawai take kurɓa ta juya fuska bango. Mai ba da magani ya zo ya duba ta, ya ce jikinta ba ciwo, amma idan ta ci gaba a haka cikin wannan zafin, sai an kwantar da ita. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamowa har gwiwar hannu. Ina zaune gefenta ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina cewa a raina: Ya Allah, na ba da ɗaya, kar ka sa in ba da biyu.

Kawu ya ce a goge da fetur, haka ya ga makanikai suna yi. Na samo a kwalba na zuba. Robar ta yi laushi, ta narke, ta bi tsumman tana jan zare kamar ƙaro. Inda na taɓa ya yi fari-fari, danƙon ya fi na da. Na zauna a kujerar Baba cikin warin fetur, hannuna baƙi, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo labarinsa.

A nan zaune aikinsa ya dawo mini, ɗaya bayan ɗaya. Toka, sabulun salo, dusa. Na tace tokar gawayin da muke girki da shi, ba ta yi kaifi ba. Karan gero nake buƙata. A Gatawa yara ke wasa da shi. A nan na zagaya unguwa ban samu ba, don ba mai zuwa gonakin nesa ɗebo kara yanzu, na kusa kuwa dabbobi sun gama da shi tuntuni. Da na dawo sai idona ya faɗa kan dangar da ta kange ɗakin girkin Kawu. Na sa hannu na fara zarewa.

"Ke ɗiyar nan!" Kawu ya taso. "Gida za ki kwance mini don motar da ba ta tashi?"

"Kawu, ƙanwarka ba ta ci."

Ya tsaya yana kallona. Sai ya naɗe hannun riga, ya ture ni gefe. "Ba haka aka zarewa ba, za ki kayar da ita duka." Shi ya ciro mini dami guda.

Na ƙona, na tace, na murza. Yatsuna suka yi ja, ruwan tokar yana cin fata. Danƙon ya fara biyo tsumma kamar yadda yake biyo na Baba. Na wanke, na bari ta bushe, na shafa dusa. Tabon fetur bai fita ba, amma robar ta daina kamu. Don tsoron kar hannunta ya sake maƙewa a ko'ina, na zagaya ta ɗaya ƙofar na goge har ƙarshe. Ban bar ko faɗin yatsa ba.

Ni da matar Kawu muka riƙo ta, don ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Muka zaunar da ita. Ta aza tafinta. Ta ɗaga, bai maƙe ba. Ta shinshina, ta ji dusa da toka, fuskarta ta buɗe yadda na daɗe ban gani ba. Ta shiga shafawa, tana bin robar a hankali, har hannunta ya kai kusurwar da ke kusa da ƙofa. A nan ya tsaya.



"Shi ba ya kaiwa nan," ta ce. "Nan nawa ne." Ta juyo inda take jin numfashina. "Ke kinka yi."

"Ni ce, Inna."

"To bai dawo ba ke nan."

Ta karanta innalillahi a hankali, hawaye na bin kuncinta, na farko tun rasuwar. Na ɗauka na kashe ta da hannuna. Can sai ta share fuska da bakin gyale.

"Fitar da ni, zafi ya yi yawa. Shimfiɗa mini tabarma. Ina hurar?"

A tsakar gida ta sha, bayanta jingine da bango. Ba ta sha da yawa ba, amma ta sha.

Motar tana nan har yau, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na kwana ƙarƙashinta. Hanyar da ta saba bi, yanzu sai mai babur, shi ma sai ya tambaya ko hanya lafiya kafin ya tashi. Inna tana cin abinci a ɗaki kamar kowa. Kawu ya daina gyara ɓangaren dangar nan, ya ce ya san inda karan zai tafi. Duk bazara, idan robar ta fara gumi, nakan tace ruwan toka, in zauna a kujerar Baba, in goge iya inda hannuna ya kai daga nan. Sannan in je in kira ta.