Iyakar da ta fito biyu

Muna da fadama a bayan gari, ta wajen Andarai, inda muke noman albasa da rani. Mijina da ƙanensa sunka gaje ta, sunka raba, sunka dasa gamba a tsakani. Bayan rasuwar mijina ambaliya ta zo ta tumɓuke gambar, sai tsilli-tsilli ta rage. Rijiyar ban ruwa kuwa a daidai nan take. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ce rijiyar tamu ce. 'Ya'yan ƙanen mijina sunka ce tasu ce. In aka raba mu da ita albasarmu ta ƙone ke nan, don ba mu da wani ruwa.

Shi ƙanen mijin nawa babu ruwansa da rigima. Tun ina amarya yake tsokanata, har munka tsufa bai bari ba. In ya gan ni sai ya ce, "Matata, yaushe za ki tare?" Ni kuma in ce, "Ran da ka sayo haƙora." Yaran ne sunka ɗauki abin da zafi.

Da mai gari ya gaji da sulhu, sai ya aika Jega aka zo da mai awon ƙasa. Ya zo da wani ɗan jirgi da bai wuce faifai ba, babu kowa cikinsa, yana kuka kamar taron zuma. Kafin ya tashe shi, ya bi fadama yana shimfiɗa ledoji masu zanen baƙi da fari, yana kafe kowace da ƙusa. Ya ce kada a taɓa su. Mazan da ke wurin sunka ji, amma duk a ransu iyaka ce ake kafawa. Tsohon, ƙanen mijina, ba ya nan, ya tafi wajen suna a Gumbin Kure.

Jirgin ya ɗauki hoton rabin fadama da hantsi, batir ya ƙare, mutumin ya tafi ya ɗura masa wuta. Bayan azahar ya dawo ya ɗauki sauran.

Da la'asar na kai wa baƙon fura gindin mangwaro, na tarar ya buɗe kwamfuta maza sun yi masa rumfa. Yana ta cewa, "Ku dakata, aiki bai nuna ba." Babu wanda ya matsa. Ni ma na leƙa. Da fari ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa gero a tabarma, sannan ɗigon ya haɗu, sai ga gonakinmu, har da fangalin da na dasa da hannuna. Inda ruwa ke kwance baƙin rami ne, ya ce haka ruwa yake yi masa, ba ya kamuwa. Ya murza hoton ya iso wajen gamba.

Gambar ta fito layi biyu. Rijiya tana tsakiyarsu.

Ɗana ya ɗora yatsa kan layin can, ya ce, "Ga ta nan, rijiya a cikinmu." Babban ɗan tsohon ya buge masa hannu ya nuna ɗayan, ya ce, "Makaho, wanga fa? Na kakarka ne?"

Mai awo ya ce, "Ba ko ɗaya. Hoton safe da na rana ne suka ƙi haɗuwa. Leda ɗaya ta fito a wuri biyu. Wa ya ɗaga mini ita?"

Sai tsohon ya matso yana fara'a, da rigar sunan a jikinsa. Ya ce, "Ni ne, ɗana. Na dawo na iske ta cikin fangali ga ruwa an sako. Kayan baƙo ba a bari su jiƙe a gonar mutum. Na ɗauke na mai da ta kan tudu, na kafe da ƙusarta yadda na same ta."

Tudun nan a gefenmu yake.

Ɗana ya ce, "Baffa, iyakar ka tura cikin gonar ubana? Da rana tsaka?"

Tsohon ya ce, "Wace iyaka kuma, kai ɗan nan?"

Bai ƙarasa rufe baki ba. Ƙotar galma ce a hannun ɗana. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya sabuwa. Hular tsohon ta yi gefe, ya durƙusa, ya kai hannu bayan kunnensa ya duba, sannan ya kife.

Daga nan ban iya jera abin da ya biyo baya daidai ba. Babban ɗansa ya sari ɗana da lauje a kafaɗa, naman ya buɗe fari kafin jini ya rufe shi. Na gidanmu sunka ɗauko gora, nasu sunka ɗauko fartanya. Mutanen da ke cin tuwo akushi ɗaya ran salla sunka riƙa danna kan juna cikin laka. Aka tattake albasa, warinta ya tashi yana yaji a ido. Mai awo ya rungume kwamfutarsa yana ihu, "Leda ba iyaka ba ce! Alama ce ta jirgi! Jama'a, leda ce kawai!" Wani ya naushe shi a baki, ya tofar da jini ya ci gaba da faɗi.

Ni na rarrafa na kwanta bisa tsohon don kada a tattake shi. Gora ta same ni a damtse, har yau ban san ta wane gida ba ce. Na kira shi, na ce, "Mijina, tashi." Idonsa a buɗe, bai gane ni ba.

Mutanen gari sunka zo sunka raba. Aka sa tsohon a bayan mota zuwa asibiti a Jega, a can ya cika. 'Yan sanda sunka tafi da ɗana da ɗinki a kafaɗa. Yana gidan yari har yanzu.

Bayan an share makoki mai awon ya dawo, leɓensa bai gama warkewa ba. Ya ce ya cire ledar nan daga lissafin, ya sake haɗa hotunan da sauran alamun da ba a taɓa ba. Ya shimfiɗa wa mai gari takarda. Gamba layi ɗaya, rijiya a gefenmu, babu ko tababa.

Hannuna bai ƙara ɗaukar fartanya ba, kuma babu namijin da zai ja mini injin ban ruwa. Da rani ya zagayo, mai gari ya aiko cewa 'ya'yan mamacin suna ɗibar ruwa a rijiyata, ko a hana su. Na ce a ƙyale su. Albasarsu kaɗai ke sha daga cikinta yanzu, tawa gonar ciyawa ta rufe ta.