Kujerar Baba a Takarda

Zarto ake ce masa, kuma ba don sana'ar kafinta kaɗai ba, har da bakinsa. Tun yana saurayi shi ke riƙe da gidansu. Ƙofa ta ɓalle, shi. Rufi ya yi yoyo, shi. Amma bai taɓa jin Inna, mahaifiyarsu, ta yaba masa ba. Iyakarta ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da abin da take yi. Wannan abu na ci masa rai, ga shi har furfura ta fito masa.

Da mahaifinsu ya rasu, sai Zarto ya ɗauki tsohuwar kujerarsa ta katako, mai hannu biyu, ya kai shago. Ya canza ƙafar da gara ta ci, ya kankare ta, ya shafe ta da mai har tana ɗaukar ido. A ransa ya ce wannan karon dai sai Inna ta yi magana.

Ranar da ya dawo da ita, ya tarar ƙaninsa Auta ya riga shi. Auta, wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba, ya zana kujerar da fentin ruwa, daga ka. Inna ta riƙe takardar tana hawaye.

"Zo ka gani," ta ce wa Zarto. "Har inda tafin hannunsa ya cinye katakon. Har dushewar wajen ƙeyarsa."

Zarto ya karɓa yana neman aibu. Ƙafafun daidai suke. Inuwar ta kwanta inda ya kamata. Launin ya zuba sama-sama, kamar shayin da bai ji ganye ba, amma kana kallo sai ka ji tsohon ya tashi ne yanzu zai dawo. Kishi ya turnuƙe shi, don abin ya yi kyau.

"Takarda ce fa, Inna. Ba a zama a kanta."

"Yaya, ni ma wasa nake yi," in ji Auta, da wannan sanyin muryar mai ƙara ɓata rai.

Inna ta sa Zarto ya yi wa zanen firam. Ya yi, da katakonsa mafi kyau, ya rataye a bango saman kujerar. Ta matso, ta miƙa wuya, ta kanne ido.

"Kai, ɗan janye min kujerar nan waje," ta ce. "Ta tare ni, ba na ganin ta Babanku sosai."