Inda Verna Ta Ga Mujiya

Verna Tollefson matar yayana ce. Shekara ashirin da shida tana tuƙa motar 'yan makaranta a nan kudancin Saskatchewan, a ƙasar Kanada. Da ta ajiye aiki, maimakon ta zauna ta huta kamar kowa, sai ta je ta sayo kyamara. Dariya muka yi mata. Me za a ɗauka a ƙasar nan? Ciyawa ce, sai sama, sai turakun shinge.

Ko a jikinta. Ta ɗauki gizagizai, ta ɗauki barewa, amma abin da ya hana ta sakat shi ne mujiyar rami, wata 'yar tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu da ke yin ƙwai a tsohon ramin dabba. Muna yara kowane fili akwai su. Garma da maganin ƙwari suka kusa ƙarar da su.

Bazara tara tana kwanciya rub da ciki a cikin ciyawa, kaska na shan jininta, kafin ta dace da hoton da take nema. Uwa tsaye a bakin rami da fara a baki, 'ya'ya huɗu sun leƙo, bayansu hadari baƙi ƙirin. Ni da nake mata tsiya, ranar da na ga hoton na daina.

Ni na kai ta baje kolin gundumarmu. Dokar gasar hotuna ita ce ka rubuta lambar filin da ka yi ɗaukar, a manna a ƙarƙashin hoton, don a tabbatar na yankinmu ne. Delbert Hrynuik, mai kula da gasar, ya duba takardarta.

"Verna, kin manta lambar fili."

"Ban manta ba."

"Haba ke kuwa! Jan ƙyallen da ake ba wanda ya zo na ɗaya naki ne, kowa ya gani. Rubuta kawai."

"Delbert, bara da aka manna lambar sheƙar shaho, mota nawa suka zo daga birni?"

Ya sosa ƙeya. Duk mun sani. Masu kyamarori sun yi ta zarya har tsuntsuwar ta gudu ta bar ƙwanta.

Na ja ta gefe. "Yaya, rubuta wata lamba daban mana. Wa zai bincika?"

"In tura motoci filin wani bawan Allah? A'a."

Ta sa hotonta a ambulan, muka fito. Tana son ƙyallen nan, kada wani ya ce maka ba ta so. Tunda take ba a taɓa kiran sunanta a gaban jama'a ba.

A hanya na ce, "To ni fa? Ko ni ba za ki faɗa wa ba?"

"Kai? Da wannan bakin naka a shagon kofi?"

Na ji zafi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Bara ta rasu, ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta. Filin wa ne, oho. Wataƙila ma nawa ne. Shi ya sa yanzu duk tsohon ramin da na gani a gonata, nakan karkatar da tarakta in kewaye shi, maƙwabta suna ta cewa tsufa ya lalata min layin huɗa.