Barcin Alhaji Ɗan Tsibiri

Har yau ranar da na kusa kashe mutum da alheri ba ta fita raina ba. Ku matasan ma'aikatan jinya yanzu kuna da na'ura: a ɗebi jini, lamba ta nuna gurɓatacciyar iskar da huhu ya kasa fitarwa ta taru. Mu a Maradi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ido da hannu ne na'urarmu.

Ina sabon ma'aikacin jinya aka kawo wani Alhaji daga Tsibiri, mai tsohon ciwon huhu, yana haki yana zagin kowa. Na sa masa iskar oksijin, na buɗe tulun har ƙarshe, don a ganina abu mai kyau ba ya yawa. Kafin azahar ya yi luf. Iyalinsa suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina ta hura hanci.

Sai ga majo, shugaban ma'aikatan jinya. Ya taɓa hannun Alhaji ya ji zafi, ya ɗaga shi ya ga yana karkarwa.

"Wanga ba barci ba ne, yaro. Iskar da ka cika mishi ta sa numfashinai ya yi kasala, mugunyar iska na taruwa cikin jini. Rage ta! In ya ƙara nutsewa, ba ya tashi."

Na rage, muka zaunar da shi, muka girgiza, muka kira sunansa. Ya buɗe ido ya sake lumshewa.

Majo ya leƙa waje ya ce, "Akwai taubashinai nan?"

Wani tsoho manomi daga Jiratawa, abokin wasan Alhaji, ya shigo, ya ja kujera har bakin kunnen Alhaji.

"Raggo! Bari in gaya ma matanka yadda na kada ka kokowa gaban 'yan mata, ka tashi kana kuka."

Alhaji ya ja numfashi tun daga cibiya. "Ƙarya kake, la'ananne! Santsi ne!"

Majo ya ce, "Madalla. Baba, ci gaba."

Har la'asar suna yi. Duk zagi ɗaya numfashi ne mai zurfi, ni kuma ina gefe ina ƙirgawa, kunya kamar ta kashe ni. Bayan sati biyu Alhaji ya koma gida da ƙafarsa, yana cewa ban da tarbiyya tunda na yi dariya lokacin da taubashinsa ke tsokanarsa.

Ku karanta lambobinku da kyau, amma ku dubi mai gadon. A ɗakin masu ciwon huhu, wanda ke zagina bai taɓa ba ni tsoro ba. Wanda ya yi shiru nake zuwa in tasa.