Bidiyon Walimar Sauka Ya Ƙi Nuna Hoto

Jama'a, yau na ga ta kaina a shago!

Jiya kwamfutata ta sabunta kanta. Yau da hantsi sai ga Malam daga Jahun, ya zo duba bidiyon walimar saukar ɗalibansa da nake haɗawa. Na buɗe manhajar, na danna. Baƙi ƙirin! Ƙira'ar yaran kawai ke tashi. Na kashe na kunna, duk ɗaya. Gumi ya karyo min.

Na ce, "Allah gafarta Malam, hoton ne ya maƙale."

Ya ɗaga hannu, ido a lumshe. "Kar ka taɓa! Dama hotunan ne ba na so. Haka za ka ba ni."

Kwana uku fa na yi ina sa sunayen yaran nan suna shawagi!