Gerona Ya Daina Zuwa Inji

Autarmu ta zo ne bayan gemuna ya yi fari, har mutanen tasha suna tambaya ko jikata ce. Ni mai shayi ne a Nguru. Burodi da ƙwai su ne ilimina, don bokon da na yi bai wuce in gane sunana a jikin buhu ba. Sai dai bakin tsiya: babu direban da ya zauna a bencina ya tashi ban laƙaba masa suna ba.

Tun da aka yaye ta cikinta bai zauna ba. Zawo, kumburi, ƙafafu kamar sillen kara. Muka ce haƙori ne, haƙora suka gama fitowa. Muka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi, aka sha rubutu. Ranar da ta lashi ƙuli-ƙuli leɓɓanta suka haye, numfashinta yana fita da ƙyar, muka shiga mota sai asibiti a Gashuwa, uwarta tana hura mata iska a fuska har muka isa.

Bayan gwaje-gwaje da zirga-zirga, likitar ta ce abokan gabarta biyu ne. Gyaɗa tana iya shaƙe ta nan take, alkama kuwa a hankali take cin hanjinta. Babu burodi, babu taliya, babu fanke, ko ɓurɓushi. Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta dube ni, ni kuwa na dubi takalmina.

Muka bi doka. In na taso daga tebur, a zaure nake tuɓe riga in wanke har gemu kafin in taɓa 'yata. Gida ya koma tuwon gero da miyar kuka da kifi. Gyaɗa mun iya mata. Amma zawon bai tsaya ba. Yarinya ta daina kuka ma, sai ta kwanta tana bin mutum da ido. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ja uwarta gefe ta ce mu yi haƙuri, wannan ba mai zama ba ce. Daga ranar matata ta daina magana sai dole. Ni kuma ina zuba wa mutane shayi ina manta sukari, sallata duk ta koma roƙo guda.

Uwarta ce ta gano. A da aike muke yi a kai mana niƙan gero, ran nan ba ta samu mai zuwa ba, ta tsaya layin injin niƙa da kanta. Matar da ke gabanta alkama ta kawo, za a yi alkakin biki. Ana gama nata aka juye geronmu, garin farko da ya zubo a kwanonmu na waccan matar ne. Kowa ya san haka inji yake, ka tafi da ragowar na gabanka, ka bar wa na bayanka naka. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai, balle a ƙasar da ake noman alkama a fadama.

Na je na roƙi mai injin. Ya ce, "Baba, in kwance inji in wanke saboda tiya ɗaya? Ai matan layin nan sai su cinye ni ɗanye." Ban ga laifinsa ba.

Saura daka. Matata tun haihuwar nan bayanta ba ya ɗaukar taɓarya, manyan 'ya'yanmu suna gidajen mazansu a Dapchi da Jajimaji, masu dakau kuma turminsu ya sha gyaɗa ya ƙoshi. Ranar kasuwa na sayo sabon turmi, na ɗauko shi a ka ta hanyar bayan gari.

Tsakanin shayin safe da na yamma na fara surfe. Matata tana zaune a tabarma da yarinyar a cinya, ta ce, "Malam, ba dambe kake da shi ba. Saki hannu." Gero ya watse, kaji suka yi biki, taɓarya ta sami babban yatsana. Ashe dakan namiji ba ya ɓuya, sautinsa kamar ana rushe katanga. Matan maƙwabta suka leƙo, kafin magariba labari ya isa tasha. Wani direba da na shekara ina kiransa da sunan tsiya ya zauna ya gyara murya, ya ce, "Iya, in an gama tankaɗe a ba mu mai kauri." Bencin ya kwashe da dariya. Na zuba masa shayinsa na miƙa masa.

Ba a ga canji da wuri ba. Na yi ta daka ina tunanin ko mun makara. Sai wata safiya uwarta ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini fo ɗin yarinyar. Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan kashi ba, amma na yi, har da hawaye a gemu.

Yanzu yarinyar tana tsayawa ta riƙe bakin turmi tana jiran fura. Har yau in na ɗaga ta ba ta da nauyin sa'anninta, kuma duk wanda ya miƙo mata abu a hanya sai gabana ya faɗi. Kafaɗata ta dama ta fara ƙin ɗaguwa tun damina. Ban gaya wa uwarta ba, ina dai koyon jan taɓarya da hagu.